Hasashen da Ake So a Ƙaryata

Akwai cututtukan da sunansu kaɗai kan ishi likita ya san inda aka dosa. Cutar taurin fata mai game jiki ba ta cikin wannan sahu. Mata biyu sa'o'in juna za su iya fitowa daga ɗakin likita ɗaya, a rana ɗaya, da sunan cuta ɗaya rubuce a katinsu, amma ɗaya ta yi shekara 30 tana lallaɓa sanyin yatsu da ƙwannafi har ta ga jikokinta, ɗayar kuwa ƙodarta ta tsaya kafin damina ta zagayo. Saboda wannan tazara ne likitocin da suka ƙware a kan cutar suka shafe fiye da rabin ƙarni suna neman alamomin da za su bambance wannan mata da waccan tun ranar farko. Sun kuwa samu da yawa.

Abin da ya rage shi ne yadda za a yi da alamomin. Mai ciwo da danginsa kan tambayi likita abu guda: shekara nawa suka rage? Likita kuma kan zaɓi ɗayan biyu, ko ya jefo wani adadi da ya karanta a mujalla, ko ya kau da kai ya ce a ci gaba da shan magani. A ganina duka biyun sun ɓarar da amfanin ilimin. Abin da hasashe ya iya faɗa da ƙarfi a wannan cuta shi ne wane sashen jiki ne ke cikin haɗari, a wane lokaci, kuma da wane gwaji za a tare shi. Haƙƙin mai ciwo ne a faɗa masa wannan dalla-dalla, domin tarihin cutar ya nuna cewa duk hasashen da aka tashi aka yi aiki da shi, daga baya ƙaryata shi ake yi.

Cutar da ke ƙandarar da jiki

Likitoci na kiranta sikilerodama, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar tauri da fata. A kunne sunan ya yi kama da sikila, amma babu wata dangantaka tsakaninsu. Ba a ɗaukar ta daga wani, kuma ba kasafai ake samun ta ba. Ta fi kama mata, galibi tsakanin shekara 30 da 50, ko da yake idan ta kama namiji takan fi tsanani.

Abubuwa uku ke faruwa a jiki lokaci guda. Garkuwar jiki ta juya tana yaƙar jikin da aka ba ta tsaro. Ƙananan jijiyoyin jini su tsuke, bangonsu ya yi kauri. Sannan ƙwayoyin da aikinsu shi ne ɗinke rauni su shiga zuba tabo inda babu rauni, su kuma ƙi dainawa. Alamar farko ga mafi yawan masu cutar ita ce yatsu su ɗashe idan sun ji sanyi, su yi duhu, sannan jini ya dawo musu da zafi da raɗaɗi. Likitan Faransa Maurice Raynaud ne ya siffanta wannan yanayi a 1862, har yau kuma da sunansa ake kiransa. Daga nan yatsu su kumbura, fata ta yi tauri ta manne, har naɗe hannu ya gagara, baki ya tsuke.

An daɗe ana ɗaukar ta cutar fata. A 1945 ne Robert Goetz, wani likita da ke aiki a Cape Town ta Afirka ta Kudu, ya jaddada cewa tabon da ake gani a waje yana nan a maƙoshi da hanji da huhu da zuciya da ƙoda, ya kuma ba ta sunan da ke nuna tana game jiki. Wannan shi ne tushen duk wani hasashe: fata ce ke kawo mutum asibiti, amma abin da ke cikin ƙirji da ciki shi ke yanke yawan kwana.

Alamomin da ake karantawa

Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A wannan cuta, Larabar tana da alamomi huɗu.

Ta farko ita ce iyakar da taurin fata ya kai. Tun 1988, bisa tsarin da Carwile LeRoy da abokan aikinsa suka fitar, ake raba cutar gida biyu. Idan taurin ya tsaya a yatsu da hannu ƙasa da gwiwar hannu, da ƙafa ƙasa da gwiwa, da fuska, ana kiranta mai iyaka. Idan ya haura zuwa dantse da cinya da ƙirji da ciki, ana kiranta mai yaɗuwa. Don auna tsananin, likita kan tsunkuli fata a wurare 17 na jiki, ya ba kowane wuri maki daga 0 zuwa 3, jimla mafi yawa 51. Ma'aunin na ɗauke da sunan Gerald Rodnan na birnin Pittsburgh a Amurka, kuma ba ya buƙatar komai sai yatsu biyu da ƙwarewa.

Ta biyu ita ce lokaci. Mai yaɗuwa takan yi mafi yawan ɓarnarta a shekaru huɗu zuwa biyar na farko, sannan ta lafa, har fatar ma ta ɗan sake. Mai iyaka kuwa takan yi tafiyar hawainiya, amma bayan shekara 10 ko fiye tana iya toshe jijiyoyin jinin huhu. Ke nan wadda ta shekara ɗaya da mai yaɗuwa da wadda ta shekara 12 da mai iyaka, ba ƙofa ɗaya za su tsare ba.

Ta uku tana cikin jini. Garkuwar da ta juya wa jiki baya takan bar sa hannunta, wato wasu sinadaran yaƙi da ake kira antibodi. Abin sha'awa shi ne kusan kowane mai cutar nau'i ɗaya yake ɗauke da shi, kuma ba ya sauyawa tsawon rai. Mai antibodin santiromiya galibi cutarsa mai iyaka ce, haɗarinsa na can gaba a jijiyoyin huhu. Mai antibodin da ake kira Scl-70 ya fi fuskantar tabon huhu, ko da fatarsa ba ta yi tsanani ba. Mai antibodin RNA folimares III fatarsa kan yi tauri da sauri, shi ne ya fi kowa haɗarin rikicin ƙoda, kuma akwai yiwuwar a sami ciwon daji a jikinsa a daidai shekarun da cutar ta soma. Gwaji guda, da ake yi sau ɗaya, yana iya tsara sa idon shekara 20.

Ta huɗu ita ce halin da kayan ciki suke ciki ranar da aka fara ganin mai ciwo. Wani bincike na Ingila da aka buga a 1999 ya bi marasa lafiya 280, ya gano abubuwa uku da ke hasashen mutuwa cikin shekara biyar: furotin a fitsari, hauhawar gwajin kumburi na jini da ake kira ESR, da raunin huhu wajen shigar da iska cikin jini. Waɗanda ba su da ko ɗaya daga cikin ukun, kashi 93 cikin ɗari na raye bayan shekara biyar. Daga baya ƙungiyar EUSTAR, wadda aka kafa a Turai a 2004 don tattara bayanan dubban masu cutar, ta gina ma'aunai masu faɗi a kan irin wannan tushe, inda shekaru da jinsi da halin zuciya da na huhu suka shigo cikin lissafi.

Darasin ƙoda

Wanda ke son ya ga abin da hasashe ke iya yi, ya dubi labarin ƙoda. Rikicin ƙoda na wannan cuta kan zo ne ba sallama: jini ya hau cikin 'yan kwanaki, kai ya yi ciwo, gani ya dushe, fitsari ya ragu, ƙoda ta tsaya. Kafin shekarun 1980 hukuncin kisa ne. Sai aka sami kaftofiril, maganin hawan jini da aka ƙirƙiro bayan nazarin dafin wani kububuwan ƙasar Birazil, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1981. Virginia Steen da abokan aikinta a Pittsburgh sun ba da rahoto a 1990 cewa cikin waɗanda suka sami rikicin ba tare da irin wannan magani ba, kashi 15 cikin ɗari ne suka kai shekara guda. Cikin waɗanda suka same shi kuwa, kashi 76. Wasu da dama ma da suka shiga wankin ƙoda sun fita daga gare shi bayan watanni, ƙodarsu ta farfaɗo.

Sai dai akwai sharaɗi. Maganin na aiki ne idan an soma shi da wuri, kafin ƙoda ta lalace. Ba a kuma tabbatar da cewa shan sa tun kafin rikicin ya zo yana hana zuwansa ba. Don haka makamin da ya rage shi ne sa ido, sa ido kuma ba ya yiwuwa sai an san wa za a sa wa. An san shi kuwa: mai cutar mai yaɗuwa, a shekarunta na farko, wanda fatarsa ke ƙara tauri da sauri, musamman mai antibodin RNA folimares III. Irin wannan mutum ana ba shi na'urar awon jini ya tafi da ita gida, ya riƙa aunawa a kai a kai, a kuma gaya masa adadin da in ya gani, ba zai jira ranar da aka ba shi ba, asibiti zai nufa a ranar.

Steen da Thomas Medsger sun kuma nuna a 1998 cewa shan firednisolon mai yawa, daga miligiram 15 a rana zuwa sama, na ƙara haɗarin wannan rikici. A nan maganar ta shafe mu kai tsaye. A garuruwanmu, firednisolon da deksametason na cikin magungunan da ake saya a kemis babu takardar likita, don ciwon gaɓoɓi ko kumburi, wani lokaci ma don ƙiba, da sunan sha-ka-fashe. Mace mai kumburin yatsu da ciwon gaɓoɓi ita ce daidai wadda za a miƙa wa irin wannan ƙwaya, ta ji sauƙi kwana biyu, ta ƙara. Idan ba a taɓa gaya mata cewa ƙodarta ce abin tsaro ba, ta ina za ta san ƙwayar da ke rage mata zafi ita ce ke haƙa mata rami?

Sakamakon wannan sa ido ya fito a alƙaluma. Steen da Medsger sun duba mace-macen masu cutar a cibiyarsu daga 1972 zuwa 2002. Cikin mutuwar da cutar ta jawo, kason rikicin ƙoda ya faɗo daga kashi 42 zuwa kashi 6 cikin ɗari. Waɗanda ke kai shekara 10 a raye sun ƙaru daga kashi 54 zuwa kashi 66. Likitan 1975 da ya ce wa mai rikicin ƙoda kwanansa sun ƙare, gaskiya ya faɗa bisa ilimin zamaninsa. Da ya maimaita maganar a 1995, da ya yi kuskure. Cutar ba ta sauya ba. Abin da ake yi da hasashen ne ya sauya.

Yanzu yaƙin ya koma ƙirji

A wancan binciken na Pittsburgh, kason tabon huhu ya tashi daga kashi 6 zuwa kashi 33. Rahoton EUSTAR na 2010 ya nuna abu mai kama da haka: cikin mutuwar da cutar ta jawo kai tsaye, kashi 35 daga tabon huhu ne, kashi 26 daga hawan jinin jijiyoyin huhu, kashi 26 kuma daga zuciya. Duka ukun suna da hali guda, wato ɓoyewa. Mutum kan rage tafiya, ya daina hawa bene, ya ɗora laifin a kan gajiya ko shekaru, har sai ranar da numfashi ya gagare shi yana zaune.

Ga tabon huhu, likitocin asibitin Royal Brompton na Landan sun fitar da ma'auni mai sauƙi a 2008. Idan hoton CT ya nuna tabo ya ci fiye da kashi 20 cikin ɗari na huhu, cutar mai faɗi ce. Idan hoton bai yanke hukunci ba, sai a duba yawan iskar da mutum ke iya hurowa. Idan ta gaza kashi 70 na abin da ake tsammani ga mai shekarunsa da tsayinsa, a sa shi cikin masu haɗari. Amfanin rabewar shi ne sanin wa za a ba magani mai ƙarfi. Akwai saikulofosfamaid da maikofenolet, waɗanda manyan gwaje-gwajen Amurka na 2006 da 2016 suka auna. Akwai nintedanib, wanda gwajin 2019 a kan mutum 576 ya nuna yana rage asarar ƙarfin huhu daga kimanin mililita 93 a shekara zuwa kimanin 52. Babu ɗayansu da ke mayar da huhun da ya riga ya zama tabo. Suna tsare abin da ya rage ne, don haka ranar da aka soma su ita ce ke yanke yawan abin da za a tsare. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hawan jinin jijiyoyin huhu kan sami kusan mutum ɗaya cikin goma na masu cutar. Wani nazarin Faransa na 2011 ya kwatanta waɗanda aka gano musu shi ta hanyar binciken da aka tsara, tun alamu ba su yi ƙarfi ba, da waɗanda aka gano bayan sun zo da kuka. Bayan shekara takwas, kashi 64 na rukunin farko na raye, na biyu kuwa kashi 17. Adalci ya sa a ce wani ɓangare na wannan tazara lissafi ne kawai, domin wanda aka soma ƙirga masa kwana da wuri dole ya zama kamar ya fi daɗewa. Amma tazarar ta isa ta sa ƙungiyoyin likitoci su ba da shawarar a riƙa ɗaukar hoton zuciya da gwajin numfashi kowace shekara, ko da mai ciwo na cewa lafiyarsa ƙalau.

Inda hasashe ya fi nauyi shi ne dashen ƙwayoyin asalin jini. Ana ɗebe na mai ciwo a ajiye, a rushe garkuwar jikinsa da magani mai ƙarfi, sannan a mayar masa. A gwajin Turai da aka buga a 2014 a kan mutum 156, kimanin kashi 10 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa dashen sun mutu a shekarar farko saboda aikin kansa, amma bayan shekaru rukunin dashen ya fi ɗayan tsira. Wa ya kamata ya ɗauki irin wannan kasada? Sai wanda hasashe ya nuna cutarsa ta fi aikin haɗari, kuma zuciyarsa da huhunsa ba su riga sun gaji ba. Mai cuta mai laushi da aka yi wa dashen an cuce shi. Mai cuta mai tsanani da aka jinkirta wa har ƙofar ta rufe, shi ma an cuce shi. Ba a iya wannan zaɓi da kau da kai.

Iyakar alƙaluma

Duk da haka, adadi na da iyakoki uku da ya kamata a faɗa tare da shi.

Na farko, adadi labarin taro ne. Idan aka ce kashi 66 na kai shekara 10, an haɗa mai laushi da mai tsanani, tsoho da yarinya, a kwando ɗaya. Babu mutumin da ke rayuwa kashi 66. Adadin ma ba ya auna abin da ke cikin shekarun. Mai zanen nan Paul Klee ya kamu a 1935 da ciwon da akasarin masana ke ɗauka wannan cuta ce, ya rasu a Suwizalan a 1940. A 1936 zane 25 kacal ya iya yi. A 1939, cutar na ƙara cin sa, ya yi fiye da 1,200. Jadawalin da ya rubuta masa shekara biyar bai san wannan ba.

Na biyu, adadi kullum labarin jiya ne. Kafin a san yawan waɗanda suka kai shekara 10, dole shekara 10 ta wuce, kuma waɗanda aka ƙirga sun sha magungunan wancan lokaci ne.

Na uku, adadi na ɗauke da kamannin mutanen da aka gina shi a kansu. Manyan ma'aunan nan a Turai da Amurka aka gina su, galibi a kan fararen fata. A Amurka an daɗe da lura cewa cutar kan kama baƙar fata da ƙuruciya, ta fi zuwa musu da nau'i mai yaɗuwa da tabon huhu, kuma sun fi mutuwa da ita. Amma wani nazarin Jami'ar Georgetown na 2019 ya gano cewa da aka sa kuɗin shiga da ilimi da inshorar lafiya cikin lissafi, launin fata ya daina zama mai hasashen mutuwa shi kaɗai. Wani kaso na abin da aka ɗauka rubutacce ne a jini, ashe a aljihu yake.

Ko ma'aunin kansa na iya karkata. Shekaru da yawa na'urorin gwajin numfashi na rage abin da ake tsammani daga baƙar fata da kimanin kashi 10 ko fiye. Ɗauki misalin mace da ta huro lita 2. Idan ana tsammanin lita 3 daga gare ta, ta sami kashi 67, ta faɗa cikin masu haɗari, a soma mata magani. Idan aka rage tsammanin zuwa lita 2.7 saboda launinta, ta sami kashi 74, a ce ta koma gida. Huhu ɗaya, hukunci biyu. Sai a 2023 ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka ta ba da shawarar a daina sa launin fata a wannan lissafi.

A ƙasashenmu akwai ƙarin tarnaƙi. Sauyin launin yatsu ba ya fitowa sarai a baƙar fata, mai shi kuma ya ce sanyin hunturu ne. Fatar kan yi dabbare-dabbare fari da baƙi, yatsu su yi gyambo su gajarce, har a yi zaton kuturta ce. Tari da ƙarancin numfashi da hoton ƙirji mai hazo kan sa a fara tunanin tarin fuka. ESR kan hau saboda cututtuka barkatai, don haka ba ya faɗar abin da yake faɗa a Landan. Sannan akwai tambayar sana'a: tun 1957 likita Erasmus ya nuna yawan cutar a tsakanin masu haƙar zinariya a Afirka ta Kudu, saboda ƙurar dutse da suke shaƙa. Namijin da ya zo da taurin yatsu daga wuraren niƙa dutsen zinariya a Zamfara ko yankin Agadas, ya cancanci a tambaye shi aikinsa, a kuma duba huhunsa tun ranar farko. Waɗannan iyakoki dalili ne na riƙe adadin shekaru da sassauci. Taswirar sassan jiki kuwa, wato ƙoda da wuri, huhu a shekarun farko, jijiyoyin huhu daga baya, tana nan daram a kowace ƙasa.

Hujjojin masu son a yi shiru

Akwai masu cewa faɗa wa mai ciwo haɗarin da ke gabansa karya masa zuciya ne, dangi ma kan ja likita gefe su roƙe shi ya rufa. Niyyarsu tausayi ce, ba kuwa abin rainawa ba ne. Amma a wannan cuta mai ciwo shi ne mai gadi. Shi zai auna jininsa da safe, shi zai ƙi karɓar ƙwayar kemis, shi zai lura cewa tafiyar da yake yi ba hutu yanzu sai ya tsaya sau biyu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda aka ɓoye wa ba ya tsira daga tsoro. Yakan ɗauki waya ya bincika sunan cutar a intanet da tsakar dare, ya ci karo da mafi munin adadi, babu mai fassara masa. Da yawa kuma labari mai daɗi ake hana su, domin mai cuta mai iyaka, da huhu lafiyayye, da fitsari mai tsabta, yana da kyakkyawan dalilin sa ran shekaru masu yawa.

Akwai masu cewa ajali ba a hannun likita yake ba. Haka ne, likitan kirki ma bai taɓa da'awar sanin ranar kowa ba. Matar da ta ga hadari ya haɗu a gabas ta kwashe shanyarta ba ta yi da'awar sanin gaibu ba. Ta karanta alama ce ta yi abin da ya kamata.

Hujja mafi nauyi ita ce ta talauci: mene ne amfanin gaya wa mutum huhunsa na cikin haɗari alhali hoton CT ya fi ƙarfinsa, nintedanib kuwa ko a mafarki? Gaskiya ne wasu ƙofofin a rufe suke ga mafi yawan mutanenmu. Amma a duba abin da ya kawo babbar nasarar da aka taɓa samu a tarihin cutar: na'urar awon jini, tsinken gwajin fitsari, kaftofiril da danginsa waɗanda ke cikin magungunan hawan jini masu araha, da guje wa ƙwaya guda. Ma'aunin fata yatsu biyu ne. Kuma inda kuɗi suka yi kaɗan, a nan ne hasashe ya fi amfani, domin shi zai nuna wa iyali gwaji ɗayan da ya cancanci a sayar da akuya dominsa, da wanda zai iya jira.

Don haka idan aka tambayi likita shekara nawa suka rage, akwai amsar da ta fi adadi, ta kuma fi shiru. Yana iya cewa: “Malama, ranar ba a hannuna take ba. Abin da na sani shi ne cutarki irin mai yaɗuwa ce, kuma shekararta ɗaya, don haka ƙodarki da huhunki za mu tsare nan da shekara huɗu. Ki riƙa auna jininki a gida. In ya kai adadin da zan rubuta miki, ki zo a ranar, ko da dare ne. Kada ki sha firednisolon ko deksametason sai da sanina. Bayan wata shida za mu sake gwada numfashinki. In muka haye waɗannan shekarun, cutar kan lafa.”

Wadda ta ji wannan ta fita da aikin yi a hannunta da ranar dawowa. Da irin waɗannan marasa lafiya, masu awon jini a gida da zuwa asibiti a kan kari, aka mayar da kashi 42 ya koma kashi 6.